Muryar da Oga Habu Ya Bar Mini Ajiya

Kullum na ji ɗayanku ya ce gyaran waya ai canjin sikirin ne da batir, sai dariya ta kama ni. To, sannunku da ƙoƙari. Kun kalli bidiyo uku a intanet, kun sayi sukudireba, shi ke nan kun zama injiniyoyi. Ni Sabi'u shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina kan bencin gyara, rabi a Kano, rabi a nan Deira ta Dubai, amma har yau akwai wayar da in aka ajiye mini sai na yi bismillah sau biyu kafin in taɓa ta. Tunda kun ce in ba ku labarin sana'ar, ku gyara zama, ku kuma kife wayoyinku a kan cinya, don ba na son ina magana mutum yana shafa gilashi.

Wayar farko da aka bari na buɗe, sai da na yi wata shida a shago. Kafin nan aikina shara, sayo abinci, da wanke fanel ɗin cikin waya da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Maigidana, Oga Habu, wanda ya koya mini aikin a kasuwar waya ta Kano, gajeren mutum ne mai farar shadda, kuma ban taɓa ganin ɗigon dalma a jikin shaddar nan ba. In aka kawo waya ba ya fara kunna ta. Sai ya juya ta a hannu, ya shinshina ramin caja, ya ce wa mai ita, "Wannan ba ruwa ta faɗa ba, miya ce." Mai waya ya rantse ruwa ne. Oga ya buɗe, sai ga kuka ta bushe a gefen batir. Hannunsa kuwa, wallahi ko numfashi ba ya motsa shi. Zai ɗauki abin da bai kai ƙwayar gero ba da hantsaki, ya ɗora a mazauninsa, yana yi yana faɗa da mai sayar da rake.

A cikin wata shidan nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Wata mata ta kawo waya, aka gyara. Da rana Oga ya tafi masallaci, sai ga wani saurayi ya zo ya ce yayarsa ce ta aiko shi. Ya faɗi launin wayar, ya faɗi inda ta fashe, har sunan matar ya faɗa. Na miƙa masa, ina jin kaina na iya karɓar baƙi. Bayan la'asar matar ta zo. Ƙaninta ne da gaske, amma ba ta aike shi ba, rigimar gida suke yi, yana son ya ga abin da ke cikin wayar. Oga bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in bi matar har gidansu a ƙafa, kada in dawo sai da wayar. Da na dawo, ƙafa duk ƙura, ya zaunar da ni ya ce, "Sabi'u, waya ba ƙarfe ba ce, asirin mutum ne. Wanda ya ba ka, shi za ka ba. Ko ubansa ne ya zo, ko liman, ko ni."

Na ce, "Ko kai, Oga?"

Ya ce, "Ko ni. Tashi ka wanke buroshin can."

Shi ya fara zuwa Dubai. Ya biyo 'yan kasuwarmu masu sayen tsofaffin wayoyi, ya ga suna buƙatar mai duba musu kaya da Hausa, sai ya buɗe shago a unguwar Al Muraqqabat, bayan shekara biyu ya aiko mini da biza. Na ƙara yi masa aiki shekara huɗu, sannan ya yaye ni, na kama wannan ɗan lungun a Al Ras. Ranar da zan tashi ya ba ni tsohon madubinsa na ƙara girma, ga shi nan kuna gani, wanda ɗayanku ya ce mini ya kamata a kai shi gidan tarihi. Da shi nake ganin abin da ku da sabon naku ba ku gani.

Aikin Al Ras daban yake da na Kano. Can ƙura ce ke kashe waya, nan gumi ne da laimar teku. Ga kuma masu tsallaka ruwa a kwalekwale, mutum ya miƙa hannu zai ɗauki hoto ya tura gida a san ya iso, waya ta sulluɓe. In an yi sa'a ta faɗa cikin jirgin, ta sha ruwan gishirin da ke ƙasa, sai ya kawo mini ita a cikin ledar shinkafa yana cewa an ce shinkafa tana tsotse ruwa. Ni kuwa in ce masa shinkafar ta fi amfani a tukunya. Mutanenmu 'yan kasuwa ba su da haƙuri. Kowa jirginsa gobe, kowa kwantenarsa ana rufewa yau, kowa "yalla, yalla, maza-maza, Malam Sabi'u, duk lambobin masu kago suna ciki." In ka ce shwayya-shwayya, wato a bi a hankali, ya ce kai ma ka zama Balarabe. Amma akwai daɗi. Ana ciniki ana tsokana, ana shan shayin karak, wanda ka gyara wa bana shi zai kawo maka mutum biyar baɗi, da ƙullin kilishi daga gida.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta korona. Jirage suka tsaya, shaguna suka rufe, 'yan kasuwar da suka zo sati biyu suka maƙale a masauki, mutum huɗu biyar a ɗaki, babu saye babu sayarwa, sai waya a hannu daga safe har yamma. Ni kaina na ci taliya da manja har na fara yi mata sallama. Da aka buɗe gari na yi murna, na ce aiki zai dawo, kuma ya dawo, amma da wata irin fashewa da ban saba gani ba.

Ga abin da bidiyo ba zai koya muku ba. Wayar da ta faɗi, daga kusurwa take fashewa, tsagar ta tafi gefe. Wadda aka zauna a kai, lanƙwasa take yi a tsakiya. Amma wadda aka naushe ta, ko aka buga ta da bango don haushi, fashewarta a tsakiyar fuska take, ta bazu ko'ina kamar an jefa dutse a randa. A da sai in yi wata ban ga irin wannan ba. Bayan kullen sai ga su sun yi yawa, kuma duk da kumburarren batir da ramin caja da ya gaji. In na canja sikirin na kunna don in gwada, sai saƙonni su yi ta faɗowa: ka dawo, an ba ka kyauta, juya ka ci. Ba na leƙa wayar mutum, amma abin da ya faɗo a idonka ai ka gan shi. Cacar intanet ce ta shigo mutanenmu. Mutumin da ko kusa da ƙofar gidan caca ba zai bi ba don kunya da tsoron Allah, ga gidan cacar ya zo masa har aljihu, babu mai ganinsa, yana zaune da carbi a ɗaya hannun.

Daga nan sabon aiki ya same ni wanda ban nema ba, wato kulle waya. Kuma da kuskure na fara shi. Wata Hajiya da ke sayen atamfa da turare, tare suke zuwa da mijinta, ta shigo da wayarsa a cikin mayafi tana waige-waige. Ta ce Alhaji yana barcin rana, in toshe masa abin nan kafin ya tashi. Tausayinta ya kama ni, na manta karatun Oga, na toshe. Washegari sai ga Alhajin da kansa, fuska a sake, ya ajiye mini sabuwar waya fil a kwalinta, ya ce, "Malam, sa mini gilashin kariya a wannan. Waccan ta lalace, ban san me ya same ta ba." Ni na manna masa gilashin da hannuna! Abin da na ƙara masa kawai shi ne ya koyi ɓoyewa. Tun ranar na ɗauki doka: ba na kulle wayar kowa sai mai ita ya tako da ƙafarsa ya ce in kulle.

In ya zo kuwa, ba karɓar wayar nake yi in ce ya dawo gobe ba. Kujera nake ba shi a gefena, komai a gabansa. Da farko mu shiga cikin shafin cacar mu rufe asusunsa daga can. Da yawansu suna da wurin da mutum zai ce a hana shi shiga, sai dai sun binne shi can ƙasa, sai ka yi ta tono. In an tambaye shi na tsawon wane lokaci, nakan ce ya zaɓi mafi tsawo, kada ya yi wa kansa ciniki. Waɗansu shafukan kuwa na 'yan damfara ne zalla, ba su da wannan wurin ma, sai su ce ka turo hoton fasfo kafin su rufe. Wannan nakan riƙe hannun mutum in ce kada ya tura. Sannan mu cire katinsa na banki daga wayar, ya kira bankinsa da bakinsa ya roƙa a toshe irin wannan biyan. Mu toshe saƙonnin da ke kiransa. Daga ƙarshe in sa makulli irin wanda iyaye ke sa wa wayar yara, shi ya juya baya, ni in zaɓi lambar sirri, in rubuta a takarda, in sa a ambulan, in liƙe, ya sa hannu a kan liƙin. Wanda na ga abin ya ci shi sosai, nakan faɗa masa gaskiya cewa ni mai gyaran waya ne, ya nemi likitan da ya san irin wannan, ya kuma samu mutum ɗaya a gidansu ya faɗa masa.

Na san abin da ke bakinku. Za ku ce ai sai ya sayi wata wayar. Haka ne, kuma duk wanda ya ce muku yana da makullin da ba a tsallakewa, ƙarya yake yi. Abin nan zuwa yake kamar zazzaɓi, ya tashi ya kama mutum, in an daure ya sauka. Makullina lokaci kawai yake saya wa mutum kafin zazzaɓin ya sauka. Shi ya sa na ƙara sharaɗi biyu. Na farko, wanda ya dawo neman lambarsa zan ba shi, tasa ce, amma sai bayan kwana uku. Na biyu ya samo asali ne daga wani ɗan kasuwa da ya dawo bayan sati ɗaya yana rantsuwa shi bai taɓa cewa in kulle masa waya ba, ni na yi masa shisshigi. Daga ranar, duk wanda zan kulle wa sai na ba shi wata tsohuwar waya marar sim da nake ajiyewa a aljihun tebur, in ce ya yi wa kansa magana, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni in fita in sayo karak, don ba na saurare. In ya dawo neman lamba, kafin a fara ƙirga kwana uku sai ya ji muryarsa. Wani ya yi dariya, wani ya yi kuka, wani ya zage ni. Akwai waɗanda suka cika kwana ukun suka karɓi ambulansu suka tafi, ban kuma hana su ba.

Wata ranar Talata da hantsi ina canja ramin caja, sai na ga farar shadda a bakin ƙofa. Oga Habu ne. Na miƙe da sauri zan ba shi kujerata, don duk sanda ya zo nan yake zama ya yi ta kushe mini aiki. Sai ya ƙi. Ya zauna a bencin masu kawo gyara. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye wayarsa a kan tebur. Fashewar tana tsakiyar fuska.

Na duba ta, na duba shi, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Oga, faɗuwa ta yi?"

Ya ce, "Kada ka raina mini hankali, Sabi'u. Ni na koya maka karanta fashewa."

Bai yi dogon bayani ba. A lokacin kullen korona ne, wani ya bar masa waya gyara, yana gwada ta ya ga abin yana juyawa, ya ce bari ya ga yadda ake cutar mutane. Ya sauke a tasa. Ranar farko ya ci. Ya ce da ma ranar nan ya faɗi, da ya huta. Yanzu ya sayar da babban injinsa na raba gilashi, ya ce wa maƙwabta canja shi zai yi. Abin da ya rage masa shagon ne da sunansa. Sannan ya miƙo hannunsa na dama ya buɗe a gabana. Yana rawa. Ya ce jiya ya ƙona fanel ɗin wani, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara sana'a, don yana aiki hankalinsa yana kan wayar aljihunsa. Wallahi na ji tsoro ranar, don ban taɓa zaton zan ga hannun nan yana rawa ba.

Na ce, "Oga, makullin nan nawa ai wasan yara ne a wurinka. Kafin shayi ya huce ka buɗe shi."

Ya ce, "Na sani. Kai dai yi naka." Sai ya jawo leda daga ƙarƙashin benci, ya fito da akwatinsa na filashin, wanda yake wanke ƙwaƙwalwar waya da shi, ya ajiye mini. "Haɗa da wannan."

Na yi masa komai yadda nake yi wa kowa. Da aka zo wurin lamba na ce ya juya baya, ya juya kamar ɗan makaranta. Na ba shi tsohuwar wayar, na fita sayen karak. Na daɗe da gangan, har mai shayin ya tambaye ni ko na rasa hanyar shagona.

Sati biyar shiru. Yakan biyo, mu gaisa, ya kushe mini dalma, ya wuce. Sai wata ranar Laraba bayan la'asar, shago cike da 'yan kasuwa huɗu suna jiran wayoyinsu, ya shigo da fara'a har da tsokanar mutane. Ya jingina da tebur ya ce, ƙasa-ƙasa, in ba shi lambar nan minti biyu, zai sauke wata manhaja ta masu sayar da kayan gyara. Na ce ya kawo in sauke masa da kaina. Fara'ar ta ragu. Ya ce to, gaskiyar magana, saƙo ya samu ta wata hanya, sun ce akwai ragowar abin da ya ci a wurinsu, in bai shiga kafin Juma'a ba ya wuce. Ba wasa zai yi ba, haƙƙinsa kawai zai ɗauko ya fito.

Na san wannan saƙon. Kowa suna tura masa. Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, kwana uku ne."

Sai ya ɗaga murya. "Ni za ka ce wa kwana uku? Ni Habu? Wa ya koya maka riƙe hantsaki? Wa ya kawo ka ƙasar nan? Madubin da kake cin abinci da shi na waye?"

'Yan kasuwar nan duk sun san shi, sun kuma san ni yaronsa ne, suka bi ni da kallon marar kunya, don ba su san kan zancen ba, ni kuma ba zan faɗa ba. Ɗaya har ya ce, "Haba Malam Sabi'u, maigidanka ne fa." Ku da kuke ganin aikin nan da sauƙi, ku faɗa mini wane bidiyo ne zai koya muku wannan. A gidanmu ba a yi mini tarbiyyar ce wa babba a'a ba, balle wanda ya ciyar da ni. Ba zan ɓoye muku ba, na jawo aljihun tebur, hannuna har ya taɓa ambulan ɗin. Sai hannun ya taɓa tsohuwar wayar da ke kusa da shi. Na roƙi mutanen su ba mu wuri, su je su sha shayi a kaina. Suka fita suna gunaguni. Na ja ƙofa, na ce, "Oga, sharaɗi ne, sai ka ji wannan tukuna." Na danna.

Na zaci zai yi wa kansa nasiha kamar yadda kowa ke yi. Ashe ba da kansa ya yi magana ba. Muryar ta yi gyaran murya, ta ce:

"Sabi'u, na san ka. Yanzu haka kana tsaye kana zufa, kunya ta kama ka. Zan zo maka da dabara, in ba ta yi ba in zo da faɗa, zan kuma goranta maka duk abin da na yi maka. Kada ka ji kunyata. Ka tuna wayar matar nan da ka bi a ƙafa. Ni da nake maganar nan yau, ni na ba ka ajiya. Wanda zai zo karɓa, kama da ni kawai ya yi, ya san launin wayar, ya san sunana, amma ban aike shi ba. Kada ka ba shi. Kai kuma Habu, in kana ji, ka ji kunya, tsohon banza, ka duba hannunka."

Maganar ta ƙare. Ni dai kaina yana ƙasa, idona ya cika, ban yarda na ɗago ba. Can sai na ji ya ce, "Wannan tsohon akwai surutu."

Sannan ya ce, "Tashi."

Na tashi, ya zauna a kujerata, ya jawo madubin, ya ɗauki hantsaki. Akwatin filashin ɗinsa kuwa yana nan a kan kanta, hannu kawai zai miƙa, kuma ba ni da ƙarfin hana shi. Sai ya miƙa hannun ya wuce akwatin, ya ɗauko wata waya da ta sha ruwan gishiri, wadda na kwana biyu ina fama da ita ta ƙi tashi. Ya sa ta a ƙarƙashin madubi. Hannun yana rawa, ya dafe shi da ɗayan, ya jira, ya sake gwadawa. Ya fi rabin awa yana aiki a kanta. Da wayar ta kawo haske sai ya ce, "Zo ka gani. Dalma ka cika a nan. Shekara nawa ina faɗa maka?" Na ce, "A yi haƙuri, Oga." 'Yan kasuwar suka dawo suka tarar yana yi mini faɗa a kan dalma, suka ce yawwa, an shirya ke nan.

Washegari ya dawo, ya zauna ya yi aiki har magariba. Ranar Juma'a ma bayan an sauko ya zo, ya gyara wayoyi uku, ya kori wani mai ciniki da ya raina kuɗin aiki, ya ce na lalata mutane da araha. Ranar Asabar da safe kwana uku suka cika. Doka doka ce, ko a kan wa. Na fito da ambulan ɗin na ajiye a gabansa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Kwana uku sun cika, Oga. Taka ce."

Ya daɗe yana kallon sa hannunsa a kan liƙin. Sannan ya sa bakin hantsaki ya turo mini shi, ko da yatsa bai taɓa ba. Ya ce, "Mayar. Wanda ya zo nema ya tafi."

Shagonsa yana nan a Al Muraqqabat, kusa da tashar jirgin ƙasa, ku je ku gani, ya sayi wani injin raba gilashin, kuma in kun kai masa aikinku zai kushe shi har ku yi kuka. Shi ya ce in riƙa ba masu koyo labarin nan, da bai ce ba da ba ku ji shi a bakina ba. Tun daga lokacin sau biyu ya canja waya, kuma kowace a kwalinta yake kawo mini ita, ya juya baya in sa lamba. Akwatin filashin ɗin na mayar masa da daɗewa, don aiki yana buƙata.

Da Sallar da ta wuce na je gaishe shi, muna cin nama, na ga hannunsa ya dawo yadda na san shi, yana yanka tsoka siriri-siriri kamar takarda. Sai na ce, "Oga, shekaru sun tafi. Muryar nan da ke wurina, in goge ta?"

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Wa ya ba ka ajiyar?"

Na ce, "Kai."

"Na ce ka goge?"

"A'a."

Ya ce, "To bar ta, kuma ka riƙa yi wa wayar nan caji. Wancan mutumin bai mutu ba, Sabi'u, barci yake yi."

Shi ya sa kuke ganin duk ranar Litinin ina jona waccan tsohuwar wayar marar sim a wuta, kuna yi mini dariya kuna cewa in jefar da ita. Yanzu ku juyo wayoyinku, ɗaya bayan ɗaya, ku miƙo in ga inda kowace ta fashe.